Kaza A Gidan Haya: Yadda Matan Hausawa Ke Kiwo A Ajegunle Da Agege

A ƙauyukan ƙasar Hausa ba a ɗauki kiwon kaza a bakin aiki ba. Da gari ya waye sai a buɗe akurki, a watsa mata ɗan tsaki, shi ke nan ta kama gabanta. Ta bi gindin rumbu, ta leƙa masussuka, ta tone juji, ta tsinci gara da fara, in magariba ta yi kuma ta komo da ƙafarta. Fili ne yake kiwonta, mai ita kuwa sai dai ƙirga.

To, amma a birnin Ikko, inda dubban Hausawa suke zaune cikin gidajen haya, babu rumbu, babu masussuka, balle fili. Duk abin da ƙasa take yi wa kaza kyauta a Arewa, a nan hannun uwargida da na 'ya'yanta ne yake yi. Duk da haka ba su bar kiwon ba. Wanda ya ratsa lungunan Agege, ko Ajegunle, ko Idi-Araba, ba zai rasa ganin ɗan keji a jingine da bango ba, ko kwando a kife a kan 'yan tsaki, ko dakwalwa ɗaure da tsumma a ƙafa. Abin tambaya shi ne, me ya sa mace za ta ɗora wa kanta wannan ɗawainiya a wurin da ita kanta da ƙyar take samun inda za ta shanya wanki? Amsar tana cikin yadda ake zama a waɗannan unguwanni, da kuma abin da kaza take tsare wa gida ranar da aljihu ya bushe.

GORO DA JIRGIN ƘASA

Zaman Hausawa a Ikko ba na jiya ba ne. Tun a 1863 Bature John Glover ya kafa rundunar 'yan sanda masu bindiga wadda aka sani da sunan Hausawa. Amma abin da ya kawo jama'a da yawa shi ne hanyar jirgin ƙasa. An fara shimfiɗa ta daga Ikko a 1896, ta isa Ibadan a 1901, sa'an nan ta kai Kano a 1911, tafiyar kamar mil 700.

A da, fataken Hausa sai sun yi watanni a kan jaki zuwa Gwanja kafin su samo goro. Daga farkon ƙarni na 20 manoman ƙasar Yarbawa suka shiga dasa irin goron nan na Gwanja a kewayen Agege, da Ota, da Shagamu. Ga goro, ga tashar jirgi a bakin gona, sai Agege ta zama zango. Shanu su sauko daga Arewa, huhunan goro su hau. Dillalai da mahauta da masu ɗinkin huhu suka kafa gidaje, suka kawo iyali, aka yi masallatai da makarantun allo, aka naɗa Sarkin Hausawa. Babbar mayankar Jihar Legas ma a Oko-Oba take, nan cikin yankin Agege.

Ajegunle kuwa tashar jiragen ruwa ce ta raya ta. Tana maƙwabtaka da Apapa, da kuma tashar Tin Can wadda aka buɗe a 1977. A da nan ne iyakar birnin tarayya da Jihar Yamma, shi ya sa har yau ake kiran babbar kasuwarta Boundary, watau kan iyaka. Ma'anar sunan Ajegunle da Yarbanci ita ce arziki ya sauka, kuma neman wannan arziki ne ya tara Yarbawa, da Ibo, da Ijo, da Urhobo, da Hausawa a wuri guda. Hausawan ciki akwai direbobin manyan motoci, da masu gadi, da masu shayi, da masu tsire, da 'yan ga-ruwa. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Ajeromi-Ifelodun, inda Ajegunle take, tana da mutum fiye da 680,000, ta Agege kuwa kimanin 460,000, dukansu a kan 'yar ƙasa ƙanƙanuwa.

ƊAKI NA KALLON ƊAKI

Yawancin gidajen haya na waɗannan unguwanni fasali ɗaya gare su. Doguwar hanya ce ta ratsa tsakiyar gida daga ƙofar gaba zuwa ta baya, ɗakuna a jere dama da hagu, ƙofa na kallon ƙofa. Kowane ɗaki iyali guda ne. A bayan gida akwai ɗan tsakar gida na siminti, da madafa ɗaya, da makewayi ɗaya ko biyu, kowa da kowa nan yake zuwa. A nan ake girki, a nan ake wanki, a nan ake shanya, a nan yara ke wasa.

Cikin wannan ɗan wuri ne mai kiwo za ta nemi kusurwar kajinta. Akurkin ƙasa irin na gida ba ya yi a nan, domin ruwan saman Ikko ya kai ninki biyu na na Kano, ga ƙasar Ajegunle fadama ce, ruwa ba ya wuyar kwanciya. Saboda haka sai a sa kafinta ya haɗa keji na katako da ragar waya, a yi masa ƙafafu dogaye, a rufa masa guntun kwano. Wadda ba ta da halin wannan takan yi da babban kwando, ko tsohon akwatin katako. Kaza huɗu ko biyar da zakara ɗaya, yawanci iyakar abin da wurin zai ɗauka ke nan. Kuma kafin a kafa ƙusa ɗaya, sai an nemi yardar mai gidan haya.

DAGA ASUBA ZUWA LISHA

Aikin gida a nan da ruwa yake farawa. Gidaje da yawa ba su da famfo mai zuwa, saboda haka ko dai yara su ɗauki bokiti su bi layi a gidan mai rijiyar burtsatse, ko a jira mai kura ya turo jarkoki. Wannan sana'a ta 'yan Arewa da mutanen Jamhuriyar Nijar ta yi suna a Ikko har kalmar mai ruwa ta shiga bakin Yarbawa da sauran ƙabilu. Ruwan da aka saya da kuɗi ba a wasa da shi. Na wanke shinkafa ba a zubarwa, na ɗaurayar kwanuka shi za a wanke daɓe da shi, kuma daga cikin na sha ne ake ɗibar wa kaji, tun da ruwan kwata ciwo ne.

Bayan sallar asuba uwargida takan hura gawayi ko ta kunna risho, ta ɗora ruwan koko. Wadda take sana'ar ƙosai, ko waina, ko awara, tun kafin nan yaro ya dawo daga injin markaɗe. Kafin maƙwabta su fito neman madafa, sai ta janye tiren da ke ƙarƙashin keji, ta kwashe kashin kaji, ta zuba sabon garin katako ko toka, ta wanke kaskon ruwa, ta share tsakar gida. Wannan shara ta safe ba ta tsallakuwa ko da rana ɗaya, domin a gidan mutum ashirin wari ba ya ɓoyuwa.

Yara ma kowa da nasa. Babbar 'ya ita ke wanke-wanke da goyon ƙanenta. Namiji shi ke zuwa wurin masu niƙa ya sayo dusa, ko ya bi masu yankan katako ya roƙo gari. Ƙaramin cikinsu shi ne mai duba ƙwai, shi ne kuma mai korar kaza in ta doshi tabarmar da aka shanya barkono. Da haka yaron da aka haifa a Ikko, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, yake koyon cewa akwai rai da ya dogara da shi.

Da hantsi, in yara sun tafi makaranta, mazaje sun fita nema, gida ya yi sarari, sai a buɗe wa kaji su ɗan miƙe ƙafa. Lokacin ne uwargida ke wanki, da tsintar shinkafa, da gyaran kayan miya, ido ɗaya a kan tukunya, ɗaya a kan ƙofar gida. Da la'asar, kafin yara su wuce Islamiyya, a sake ba su abinci. Da magariba a kaɗa su, a ƙirga, a rufe, a lulluɓa buhu a jikin raga saboda feshin ruwa. In akwai 'yan tsaki sababbin ƙyanƙyasa kuma dare ya yi sanyi, akan sa su a kwali a shigar da su ɗaki, ko a ajiye musu fitilar ƙwai a gefe. Sai bayan lisha, an kwashe tuwo, an jiƙa ƙanzo, sa'an nan mace za ta ce ta zauna.

ABINCIN DA BA A SAYA BA

Masu manyan gonakin kaji sun san cewa kusan kashi 70 cikin 100 na abin da suke kashewa a kan abinci yake tafiya. Mai kaza biyar a bayan gida ba za ta iya wannan tsere ba, kuma ba ta bukata. Asirin kiwonta shi ne sana'ar da take yi a cikin gida. Mai koko tana da dusar da ta rage a rariya bayan tace gasara. Mai ƙosai da alale tana da ɓawon wake. Mai awara tana da dusar waken suya, wadda take da amfani ƙwarai wajen gina jiki. Ga ƙanzo, ga ragowar tuwo, ga kan kifi da garin da ke taruwa a gindin buhun busasshen kifi, ga ganyen alayyafo da aka tsinke.

Sai dai akwai abin lura. Dusa kaɗai ba ta sa kaza ƙwai, kamar yadda tuwo ba miya ba ya gina yaro. Kazar ƙauye tana cike giɓin da ƙwari da tsutsa da ɗanyen haki, wadda ke tsare kuwa sai abin da aka miƙa mata. In ta rasa abin gina ƙashi sai ta riƙa yin ƙwai mai taushin ɓawo, ko ta koma fasa nata tana sha. Maganin wannan yana nan a bola: ɓawon ƙwai, ko ƙashi, ko ɓawon dodon koɗi, a ƙona, a daka, a barbaɗa cikin dusa. Jiƙaƙƙen abinci kuma ba a bari ya kwana, domin a damshin Ikko nan da nan yake yin fumfuna, fumfuna kuwa guba ce ga kaza.

ANA MUZURU ANA SHAHO

Kaza takan kwanta a kan ƙwai kwana 21. In an sa mata goma ko goma sha biyu, galibi takan ƙyanƙyashe mafi yawansu. Wahalar ba ta ƙyanƙyasa ba ce, ta rayarwa ce, domin in aka sake su haka nan, sau da yawa ko rabi ba sa kai wa girma. A ƙauye shaho da shirwa ake tsoro. A Ikko shirwa tana nan, amma ɓera da gafiya sun fi ta ɓarna, ga kwata a buɗe wadda ɗan tsako in ya faɗa ba ya fita, ga babur, ga ruwan sama da kan sauko kamar da bakin ƙwarya daga Afrilu zuwa Yuli. Dabarar da ta fi kowace ita ce a tsare 'yan tsaki ƙarƙashin kwando ko cikin keji har su yi mako huɗu zuwa shida, gashinsu ya fito, ƙafarsu ta yi ƙwari. Wasu kan shafa musu launi ja ko shuɗi, don shirwa ta kasa gane su, don kuma a san na wane ne.

Akwai kuma abin da ya fi gafiya wuyar sha'ani, watau maƙwabci. Kazar da ta sa baki a garin wata, ko ta yi kashi a bakin ƙofar wani, ko zakaran da ya tashi mai aikin dare da cara, duk suna iya jawo maganar da za ta kai gaban mai gida, har a ce ko kaji ko ɗaki. A unguwar da ƙabilu suka cakuɗe, ƙaramar magana ba ta da wuyar zama babba. Matan da suka daɗe a bariki sun san maganin abin: shara a kan kari, biyan ɓarna ba tare da musu ba, da ɗan ƙwai biyu uku da akan aika wa maƙwabciya in kaza ta fara yi. Albarkacin kaza, in ji Hausawa, ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Hukuma ma tana da ido a kai. Ma'aikatan tsabta, waɗanda Hausawa ke kira duba-gari, Yarbawa kuma wole-wole, tun zamanin Turawa suke shiga gidaje, kuma suna da ikon kai ƙarar wanda kiwonsa ya zama abin damuwa ga jama'a.

Daɗin daɗawa ga maganar tsarki. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, sai fa idan tana cin najasa, kuma sun karhanta alwala da ɗan ruwan da sakakkiyar kaza ta sa baki a ciki. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da shi, yakan tsare irin wannan kaza kwana uku kafin a yanka. A wurin da kwata take bin ƙofar kowane gida, wannan hukunci ba na cikin littafi kaɗai ba ne. Shi ya sa ake rufe buta, ake rataye tabarmar salla, ake kuma tsare kazar da za a yanka a ba ta abinci mai tsabta. Likitoci su ma ta nan suka ɓullo: kashin kaji a inda jariri ke rarrafe yana kawo gudawa.

CIWON DA KE SHARE AKURKI

Duk wahalar da aka lissafa a sama, mako guda ya isa ya mai da ita banza. Kowace mai kiwo ta san ciwon nan da kan zo, musamman da hunturu, kaza ta yi jugum, ta saki fukafukai, ta riƙa zawo kore, tana numfashi da ƙyar, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Yau ɗaya ta mutu, gobe uku, kafin Juma'a ta zagayo keji ya zama kango. Masana suna kiransa Newcastle, da sunan wani gari na Ingila inda aka gan shi a 1926. A Nijeriya an fara tabbatar da shi a Ibadan a farkon shekarun 1950.

Mata sukan yi ta ƙoƙari da abin da suka gada: barkono, da tafarnuwa, da sassaƙen maɗaci, wasu kuma su fasa kafso su zuba a ruwa. Gaskiyar magana ita ce, in ciwon ya riga ya kama, ba shi da magani, kafso kuwa ba ya taɓa irin ƙwayar da ke kawo shi. Abin da yake da shi rigakafi ne. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin irinsa iri-iri. Akwai wanda ake kira I-2, da masanan Ostareliya suka samar musamman don kajin ƙauye, saboda yana jure zafi fiye da sauran. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Matsalarsa ɗaya ce: kwalba guda ta kaji masu yawa ce, kuma in an haɗa ta ba ta ajiyuwa. Mai kaza biyar ba za ta saya ita kaɗai ba. Amma mata goma na layi ɗaya, waɗanda dama suna zubin adashi tare, in suka haɗa kai, abin da kowace za ta biya bai kai kuɗin kaza ɗaya ba.

Yawanci daga kasuwa ciwon yake shigowa. Gab da Salla da Kirsimeti motoci kan sauko daga Arewa maƙare da kwandunan kaji da zabi, an tattaro su daga kasuwannin ƙauye dabam-dabam, sun kwana biyu a hanya cikin zafi da ƙishirwa. Maigida ya ga mai araha ya sayo, ko ɗan'uwa ya zo da tsaraba daga gida, a jefa ta cikin na keji. Ƙa'idar da likitocin dabbobi suke bayarwa ita ce, baƙuwar kaza a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da 'yan gida.

Akwai kuma wanda ya fi wannan haɗari, domin shi yana iya kama mutum. A watan Fabrairu 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata babbar gonar kaji da ke Jaji, Jihar Kaduna, karo na farko ke nan a nahiyar Afirka. Gwamnatin Tarayya ta sa aka riƙa kashe kajin da ciwon ya shiga cikinsu, aka fara biyan diyyar naira 250 a kan kowace kaza. Kafin abin ya lafa a 2008 an yi asarar tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya. A Janairu 2007 wata mace 'yar shekara 22 ta rasu a Ikko, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar cewa wannan ciwo ne. Ya sake ɓullowa a Janairu 2015, a Kano da Ikko. Darasin da ke ciki mai ɗaci ne ga talaka, wanda ya saba in kaza ta fara layi ya yi maza ya sa mata wuƙa don kada ta yi mushe. Kazar da ciwo ya kama ba a yankawa a ci, ba a ba yara fiɗa, ba a jefawa a kwata. Binnewa ake yi, a wanke hannu da sabulu, in kuwa mutuwar ta yi yawa a sanar da ma'aikatan dabbobi.

BANKIN UWARGIDA

To, ina ribar? Kazar Hausa ba ta da saurin girma, sai ta yi kamar wata shida kafin ta fara ƙwai, kuma a shekara ba ta cika wuce 40 zuwa 60 ba, alhali ta gidan gona tana kusantar 300. Amma ita ke kwanci da kanta, ita ke renon 'ya'yanta, tana jure wahala, namanta kuma ya fi daraja a kasuwa. Masana na gida sun yi ƙoƙarin cike giɓin da ke tsakani. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta fito da ShikaBrown mai yawan ƙwai. Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta ta fito da FUNAAB Alpha, aikin Farfesa Olufunmilayo Adebambo, aka yi mata rajista a 2018. Akwai kuma Noiler, ta wani kamfani a Awe, Jihar Oyo, wadda ta bazu a gidaje saboda tana saurin nauyi kuma tana cin abin da aka samu. Sai dai waɗannan ba su cika kwanci ba, saboda haka mai dabara takan bar dakwalwar Hausa ɗaya ko biyu don ƙyanƙyasa.

A al'adar Bahaushe kaza ta mace ce. Ita ta saya, ko aka ba ta, kuma in ta sayar kuɗin nata ne. A ƙauye kaji kan zama akuya, awaki su zama saniya. A Ikko babu wurin ɗaure akuya, saboda haka kaza takan zama zubin adashi, ko kuɗin jarrabawa, ko maganin zazzaɓin yaro, ko kwano ɗaya cikin kayan ɗakin 'ya. Ita ce ake yanka wa baƙon da ya sauka daga Arewa, ita ce farfesun mai jego, ita ce miyar ƙaramar Salla. Sabo da kaza, ai, ba ya hana yanka ta.

Darajar wannan ɗan jari ta fi fitowa a lokacin tsanani. A watan Yuni 2022 Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, har da Apapa, magidanta da yawa 'yan Arewa suka rasa abin yi. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na masara suka yi sama, gonakin kaji da dama suka rufe, ƙwai ya fi ƙarfin talaka. A irin waɗannan kwanaki, gidan da ke da kaza uku masu ƙwai yana da abin sa wa yara a baki. Tsohon camfin nan da ke cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai yi sata ba shi da tushe, hasara kawai yake jawowa, domin ƙwai na cikin abinci mafi gina jikin yaro.

ABIN DA YA RAGE

A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, wanda aka sani da Operation Feed the Nation, aka yi ta kira a rediyo da jaridu cewa kowa ya yi lambu, kowa ya yi kiwon kaji a bayan gidansa. Shirin ya zo ya wuce, wasu sun biyo bayansa su ma sun wuce. Matan gidajen haya kuwa, waɗanda ba a taɓa rubuta sunansu a wani shiri ba, ba su fasa ba.

Abin da suke bukata bai taka kara ya karya ba. Ba rance suke nema ba, ba kuma injin ƙyanƙyasa ba. Rigakafi ne da zai iso ƙofar gida sau uku a shekara, da wanda zai yi musu bayani da harshen da suke ji. Yawancinsu ba sa fita taro, saboda haka sai an bi ta hanyar da za ta kai gare su: malaman Islamiyyar matan aure, da uwayen adashi, da 'yan mata masu ilimi da za a koya wa ɗiga maganin, su bi gida gida. Sarakunan Hausawa na Agege da sauran unguwanni, da limamai, da shugabannin kasuwa, suna da bakin da za su kai wannan magana ga Ma'aikatar Gona ta Jihar Legas, su kuma tsai da rana ɗaya da za a yi wa kajin unguwa gaba ɗaya, tun kafin hunturu ya kama.

Su ma magidanta akwai nasu. Wanda ya sa aka gyara ƙafar keji kafin damina, ya biya kuɗin rigakafi, ya kuma daure ya ware kazar da ya sayo a kasuwa, ya taimaki kansa ne, domin ranar da aiki ya tsaya a tasha, daga wannan keji za a ɗora tukunya. Allah ya sa albarka a cikin nema.